Shari'ar Da Kawu Ya Bar Wa Inna

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya koma ga Mahaliccinsa bayan an gama yankan gero, a daidai lokacin da makiyaya ke jiran a saki gonaki shanu su shiga kara. Na Allah ne mu duka, kuma inda ya tafi can muka nufa. Saƙon ya same ni a Konni ina cikin aji. Na bar wa malamar ajin kusa yarana, na shiga motar Dogarawa, daga can na hau kabu-kabu zuwa ƙauyenmu. Ban samu jana'iza ba. Zaman makoki na samu, kuma shi ne ya sa nake wannan rubutu, don ban taɓa ganin irinsa ba.

Ni mace ce mai son jin dalilin abu, tun ina ƙarama ake yi mini faɗa a kan haka. Ina zaune cikin mata ina leƙen ƙofar gida, sai na lura yawancin tsofaffin da suka cika tabarmin waje mutanen da Kawu ya taɓa kayarwa ne a shari'a. Ga mai raƙumin nan da aka sa ya biya ɓarnar wake. Ga wanda aka hana shi toshe burtali, wato hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki. Har da wani da na sani sarai ya daɗe ba ya gaida Kawu ko a masallaci, ga shi ya dogaro sandarsa ya zo, yana share ido da bakin rawani. Waɗanda Kawu ya ba gaskiya su ma sun zo, sun yi addu'a, sun koma harkokinsu. Waɗanda aka kayar kuwa sun ƙi tashi, suna nan zaune har aka kira la'asar.

Na ji mai raƙumi yana ce wa na kusa da shi, "Ni har gobe ban yarda raƙumina shi ɗai ya canye waken nan dut ba. Amma Allah shi jiƙanai. Ya tahi ya bar mu da kayanai bisa kai."

Inna, mahaifiyata, ita ce ƙanwarsa ɗaya da ta rage a duniya, kuma ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin ɗakinsa da carbi tana amsa gaisuwa da idanu busassu. Matan gari suna ta satar kallonta, don kowa ya san abin da ya taɓa shiga tsakaninta da yayanta. Ni ma na sani, amma duk da haka abin ya yi mini ciwo.

Wajen azahar wata Bafillatana ta shigo da ƙwaryar nono, ta ajiye, ta yi gaisuwa, ta koma can kusa da madafa ta rakuɓe. Na san ta. Shekaru da yawa da suka wuce Kawu ya ara wa mijinta wata gona tasa da ke bakin daji. Mijin ya gina rijiya a ciki, suka kafa bukkoki, suka haifi 'ya'yansu a nan. Bara mijin ya rasu. Da na kai mata ruwa sai ta riƙe bakin zanena ta yi ƙasa da murya.

"Malama, gaskiya na za a tashe mu?"

"Wa yac ce maki haka?"

"Ɗan mai gidan ga. An ce ya hwaɗi kasuwa, wai albasa za shi sa wurin, tunda ruwa na kusa. Malama, in mun bar rijiyag ga ban san inda za ni da shanu da ɗiya ba."

Ɗan mai gidan da take nufi taubashina ne, babban ɗan Kawu. Na ce mata ta sha ruwa.

Kawu ba alƙali ba ne, ba malami ba ne, ba kuma mai gari ba. Manomin gero da wake ne kamar kowa, dogo, mai jinkirin magana har ka ɗauka ya manta da kai. Amma tun kafin a haife ni, duk ranar da aka kawo ƙara zauren mai gari, wurin zamansa na nan a hannun dama. In maganar aure ce ko gado, ya ce a tafi wurin liman, akwai littafi. In jini ya zuba, ya ce a kira jandarma. Abin da ya rage a tsakani shi ne nasa: iyakar gona, ɓarnar dabbobi, rijiya, itacen da ya tsaya a gonar wani ya zubar da 'ya'ya a gonar wani. Yakan fasa goro ya riƙe a hannu, ba zai kai baki ba sai an gama magana. Idan masu ƙara suka gaji da hayaniya, sai ya ɗaga kai ya yi tambayarsa guda, wadda har yaran gari suke kwaikwaya: "An taɓa irinta?"

Ba ya yanke magana da abin da zuciyarsa ta raya masa a ranar. In an taɓa irinta, to abin da aka yi wa na farko shi za a yi wa na biyu, ko da na biyun surukinsa ne. Wannan kowa ya sani. Abin da baƙo ba zai gane ba shi ne inda ake ajiye tsofaffin shari'o'in, tunda babu mai rubuta komai. Kawu a jikin mutane yake ajiye su. Duk wanda aka kayar, kafin ya tashi, sai Kawu ya kira shi ya zauna gabansa, ya ba shi ɓarin goron nan, ya sa shi ya maimaita shari'ar da bakinsa tun daga farko: me ya haɗa su, me aka yanke, saboda me. In ya karkace a gyara masa, ya sake. Sannan Kawu ya ce, "Riƙe ta. Taka ta." Ranar da irinta ta sake tasowa, ko bayan shekara nawa, shi za a aika a kira.

Na taɓa tambayarsa, ina budurwa, me ya sa ba ya ba wanda ya ci ya riƙe, ai shi ne zai yi murnar faɗi. Ya yi dariya ya ce, "Sarkin tambaya, wanda ya ci, kwana biyu ya mance, ya koma shan hura. Wanda anka kada kuwa, ko ya tsuhwa har haƙora sun zube, shina gaya maki ita ba ragi. Kuma ba shi yarda a yi ma wani sauƙin da ba a yi mashi ba." Na ce to wannan ai mugunta ce, mutum ya rasa abinsa kuma a ɗora masa aiki. Ya ce haka ya tarar kakansa na yi, kuma shi ma ya sha tunanin ko mugunta ce.

Akwai ranar da ba na mantawa. Jakin wani ya shiga gona ya ci wake, mai waken ya kawo ƙara yana cewa a yi masa yadda aka yi wa mai raƙumi. Aka aika can mazauninsu aka kira mai raƙumi. Ya zo da sabon rawani, fuskarsa wasai, don ya daɗe yana jiran ranar da wani zai ɗanɗana abin da ya ɗanɗana. Ya tsara labarin tsaf, har da launin raƙumin. Kawu ya bari ya gama, sannan ya tambaye shi, lokacin da raƙumin ya shiga, an saki gonaki ko ba a saki ba? Ya ce ba a saki ba, gero na tsaye. Kawu ya juya ga mai wake ya yi masa tambaya iri ɗaya. Mai wake ya sunkuyar da kai ya ce an saki, an ma yi shela a kasuwa, shi ne bai gama roron wakensa ba.

Kawu ya ce, "To wagga ba irinta ba ta. Kama ɗai sunka yi."

Mai raƙumi ya miƙe yana karkaɗe riga. "Ashe kun kira ni tun daga can don in zo in ga an yahe ma jaki?" Zaure ya kwashe da dariya, shi ma daga baya ya yi. Mai wake ya karɓi ɓarin goro, ya maimaita tasa, kuma daga ranar garinmu ya san cewa ɓarnar kafin sakin gonaki daban take da ta bayansa.

Mutane da yawa ba su san cewa Kawu yakan bi wanda ya kayar har gona ba. In damina ta faɗi, sai ka wayi gari ka tarar da shi a gonarka da haiwarsa, hauyar nan mai doguwar ƙota, ya noma maka kunya biyu ko uku, ba sallama ba hira. In ka yi masa magana ya ce hanya ce ta biyo da shi. Wasu sukan karɓa, wasu su juya masa baya, shi dai bai fasa ba har ƙafafunsa suka gaza.

Inna tana cikin masu juya baya. Tana da wani yanki na fadama da ta gada wurin mahaifinsu, wajen kwarin da ya nufi Badaguishiri, ƙasa baƙa mai riƙe ruwa. A wata shekarar yunwa ta ara wa wani baƙo da ya zo da iyalinsa ba su da komai. Ya nemi izininta ya gina rijiya, ta ce ya gina. Da mahaifinmu ya rasu ya bar ta da mu ƙanana, sai ta ce a maido mata wurinta ta yi lambu. Baƙon ya ƙi tashi, magana ta kai zaure. Inna ta tafi da ƙarfin gwiwarta, tunda yayanta ne ke zaune a hannun dama.

Kawu ya yi tambayarsa. Aka jawo wani tsoho makaho wanda aka taɓa kayarwa a kan rijiya tun zamanin kakansu, ya ba da tasa. A kanta aka yanke wa Inna: ƙasa tata ce, ba mai musu, kuma duk kaka baƙon zai kai mata damin gero don kada a manta aro ne. Amma wanda ya gina rijiya da sanin mai ƙasa ba a tashinsa muddin rijiyar tana ba da ruwa. Kawu ya miƙa wa ƙanwarsa ɓarin goro a gaban jama'a, ya sa ta maimaita. Ta maimaita, ba ta yi kuskuren kalma ɗaya ba, sannan ta ajiye goron a ƙasa ta fita.

Damina da yawa ta yi ba ta taka gidansa ba. Shi kuwa duk kaka sai ya aiko babban ɗansa da gero a kan jaki. Yaron nan Inna ce ta shayar da shi lokacin da uwarsa ta rasu a wurin haihuwarsa, don haka ba ta iya korarsa. Takan karɓi geron tana faɗa, ta daka tana faɗa, mu ci tuwon tana faɗa. Bayan yaron ya girma ya zama magidanci bai daina kawowa ba, daga rumbunsa kuma. A duk tsawon shekarun nan Inna tana da tambaya ɗaya da take yi wa duk wanda ya fito daga wajen fadama, kafin ma ta tambayi lafiyar iyalinsa: "Rijiyar nan ta ƙahe?" Rijiyoyin gari sun sha ƙafewa da rani, wannan kuwa kamar da gayya, ko sau ɗaya ba ta yi ba.

Ƙanena ya taso da haushin fadamar nan a ransa. Yakan ce saboda ita ya tsallaka iyaka ya yi karatun shari'a a Sakkwato, har ya zama lauya a can. Wata sallah da ya zo gida na ja shi muka je gaida Kawu, don ina son in ga yadda za su ƙare. Muka same shi a gindin itacen bedi yana gyaran igiyar guga. Na zaci gardama za a yi, ashe Kawu tambayoyi ya tara.

"Lauya, ku can da mi kuke yanke magana?"

Ƙanena ya gyara zama ya yi masa bayani. Ya ce mu nan Nijar abin da Faransa ta bar mana shi ne dokar da aka tsara a littafi, sashe bayan sashe, alƙali ya buɗe ya nemo wanda ya dace da ƙarar. Can kuwa, ban da kotunan musulunci da dokokin da majalisa ke yi, akwai wata hanya da suka gada wurin Ingilishi, suna ce mata kwaman lo. A ƙasar Ingila ba wani ne ya zauna ya rubuta ta rana ɗaya ba. Alƙalai ne suka yi ta yanke ƙararraki, ana tara hukuncinsu, har hukuncin ya zama shi ne dokar da ta game ƙasar duka. In ƙara ta zo, lauyoyi su nemo tsohuwar da ta yi kama da ita. Abin da babbar kotu ta yanke ya ɗaure ƙaramar kotu, ko alƙalin yana so ko ba ya so. Kuma ba duk abin da tsohon alƙali ya faɗa ne ke ɗaurewa ba, sai ainihin dalilin da ya tsayar da hukuncin a kai.

Kawu ya ajiye igiya. "In ko wani yac ce tashi ba irin waccan ba ta?"

"Rabin aikinmu ke nan, Kawu. Ni in ce irinta ta, abokin gardamata shi ce kama ɗai sunka yi."

Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce ashe Turawa ma suna da jaki da raƙumi. Ya tambaya wa ke riƙe musu tsofaffin, ƙanena ya ce littattafai ne, ɗaki guda cike. Kawu ya jinjina kai ya ce wannan dabara ce mai kyau, don nasa masu riƙon mutuwa suke yi, kuma kowane ya mutu sai ya ji gari ya ragu.

Sai ƙanena ya yi tasa tambayar, wadda na san ya daɗe yana ɗauke da ita. "Kawu, in na hwarko ya yi kuskure hwa? Sai a yi ta bin kuskure har jikoki?"

Kawu ya sake ɗaukar igiyar gugansa. Daga baya ya ce wannan ita ce ke damunsa tun yana saurayi. Ƙanena ya ce can babbar kotun ƙasa tana iya cewa na baya sun yi kuskure ta sauya hanya, amma ba ta yin haka da garaje, don mutane sun riga sun gina rayuwarsu a kan abin da aka saba. Kawu ya ce haka ne, wanda zai gina rijiya yana son ya san gobensa kafin ya sa diga a ƙasa. Ya ce shi bai da na sama da zai gyara shi sai jastis, wato kotun gwamnati ta Konni, in mutum yana da ƙarfin zuwa, sai kuma Allah. A hanyarmu ta komawa na tsokani ƙanena ko ya ƙwato mana fadamar. Ya ce in ƙyale shi, tsohon nan ya sa kansa ciwo.

Bayan sadakar arba'in taubashina ya kai maganar gonar bakin daji zauren mai gari. Da safen ranar ya shigo gaida Inna, ya durƙusa kamar kullum, buhun gero na jingine a ƙofa. Ba mugun mutum ba ne, kada wani ya karanta wannan ya ɗauka haka. Yana da 'ya'ya da yawa, gonar tudu ta gaji, kuma yana ganin sa'o'insa na wajen Malbaza suna tashi da albasa. Na ce masa cikin wasan taubasai, "Bawana, ka zo sayen bakin Inna da gero?" Ya ce, "Ke dai ki yi ta surutu, malamar ƙarya. Geron Goggo ba shi da haɗi da shari'a." Inna ta sa masa albarka, ba ta ce komai a kan gona ba. Na tambayi ƙanena, wanda shi ma ya zo sadakar, a gefe yadda yake gani. Ya ce gaskiya taubashinmu yana da ƙafar tsayawa, don wanda ya gina rijiyar ya mutu, kuma shari'ar Inna ba ta taɓo wannan ba.

Mai garin yanzu ɗan tsohon mai gari ne, bai daɗe da hawa ba. Wurin hannun damansa ba kowa, ba wanda ya yarda ya zauna. Bafillatanar ta zauna a bakin ƙofa da babbar ɗiyarta. Taubashina ya faɗi tasa, ita ma ta faɗi tata a gajarce. Kowa na jiran muryar da ba za ta zo ba. Can mai gari ya yi gyaran murya, ya ce a hankali kamar mai aron rigar wani, "An taɓa irinta?"

Mai raƙumi ne ya amsa daga baya. "An taɓa. Mai riƙon ta na cikin gida."

Aka aika, na riƙo hannun Inna muka shigo. Ta zauna a tabarmar mata ta ba da shari'arta tun daga shekarar yunwa, da izinin da ta bayar, da makahon da aka jawo, da damin gero. Da ta kai ƙarshe taubashina ya ce, cikin ladabi, "Goggo ta hwaɗi gaskiya, ban musa ko ɗaya ba. Amma mai ginan rijiyatta shina da rai sa'ad da anka yi shari'a. Wanga ya rasu. Alkawalin nashi na, ya tahi da shi. Kama ɗai sunka yi."

Tsofaffi suka shiga gyaɗa kai. Maganar ta zauna, har ni na ji ta zauna. Mai gari ya dubi liman, liman ya dubi ƙasa. Na ga Bafillatanar ta fara tattara bakin zanenta, ɗiyarta ta riƙe mata ƙwarya. Inna tana kallon taubashina, yaron da ta goya a bayanta, wanda geronsa ke jingine a ƙofar ɗakinta a wannan lokacin.

Sannan ta ce, "Ban ƙare ba."

Abin da ta faɗa bayan haka ni 'yarta ban taɓa ji ba, ƙanena ma haka. Ta ce shekarar da baƙon fadamarta ya rasu, ta sake zuwa wannan zauren da rana tsaka, ba kowa sai tsohon mai gari da yayanta. Ta ce musu mai gina rijiya ya mutu, a ba ta wurinta. "Maganag ga da kay yi yanzu, ɗana, ita niy yi, kalma da kalma. Yaya yac ce mani, 'Mutum ya mutu. Rijiya ta mutu?' Nic ce a'a. Yac ce, 'Ba don hannun da ya gina anka yi hukuncin ba, don bakin da ka sha na. Matatai da ɗiyanai na sha?' Nic ce suna sha. Yac ce in haɗa wagga da waccan in riƙe." Ta numfasa. "Mu uku munka san da ita. Biyu na cikin ƙasa. Da na yi kurum yau, ba mai ce mani don mi."

Mai gari ya yanke abin da ba makawa sai an yanke: gona ta magadan Kawu ce, damin gero duk kaka, kuma ba a tashin matar da 'ya'yanta muddin rijiya na ba da ruwa. Bafillatanar ta rufe fuska da mayafi. Mutane suka fara neman takalmansu, sai Inna ta ce a dakata. Ta kwance bakin zanenta ta fito da goro, ta fasa, ta kira taubashina ya matso. Ta sa shi ya maimaita tun daga farko. Ya yi, ya tsallake zancen bakin da ke sha, ta maido shi ya sake. Sannan ta miƙa masa ɓarin ta ce, "Riƙe ta. Taka ta yanzu, da tawa duka." Ya karɓa don idon jama'a, ya ajiye a kan tabarma, ya fita bai yi mata sallama ba.

A hanyar gida muka gamu da wata mata ta fito daga wajen fadama da tulu a ka. Suka gaisa da Inna, ta tambaye ta yara da mai gida, muka wuce. Sai da muka yi nisa na tuna ba ta yi tambayar rijiya ba. Muna shiga gida ta ga buhun geron a ƙofa, ta zauna a kansa, kukan da ba ta yi ba tun ranar rasuwa ya zo mata gaba ɗaya. Tana yi tana cewa, "Yaya, na kai maka ita. Allah shi yi maka rahama, shi sa ka tarad da hukunci mai sauƙi, kai da ba ka yi mani sauƙi ba." Na ce amin, ni ma ina kuka, don sai a ranar na san girman abin da muka rasa.

Da ta lafa na ce mata ina tsoron taubashina ba zai ƙara taka gidan nan ba. Ta share fuska da bakin zane ta ce, "Bar shi. Ni ma haka niy yi. Ranar zaman makokina ki duba tabarmar waje, za ki gane shi zamne har la'asar."